Aikin Amintattu a Gidan Zane-zane na Jama'a: Darasi Daga Landan

1.0 Gabatarwa

A tsakiyar birnin Landan, a bakin dandalin da ake kira Trafalgar, akwai wani dogon gini mai ginshiƙai wanda aka tara zane-zane fiye da 2,300 a cikinsa. Galibinsu aikin gwanayen zane na Turai ne, tun daga tsakiyar ƙarni na 13 har zuwa wajen shekarar 1900. Sunan gidan National Gallery, watau Gidan Zane-zane na Ƙasa, kuma kowa yana shiga ya yi kallo ba tare da ya biya ko kwabo ba. Idan aka tsayar da mai ziyara a bakin ƙofa aka tambaye shi ko na wane ne hotunan nan, mai yiwuwa ya ce na gwamnati ne, ko kuwa na Sarkin Ingila. A wajen shari'a kuwa amsar ta sha bamban. Hotunan suna hannun wasu mutane 'yan kaɗan da ake kira amintattu, waɗanda ba a biyansu albashi, ba su da ikon ɗaukar hoto ko ɗaya su kai gida, ba su kuma da ikon sayar da shi ko da gidan ya shiga matsin kuɗi.

Manufar wannan lacca ita ce ta bayyana ko su wane ne amintattun nan, da dalilin da ya sa aka ɗora su a kan dukiyar jama'a, da ayyukan da ke wuyansu, da kuma wuraren da suka yi tuntuɓe. Za a bi tarihin gidan na Landan ne a matsayin babban misali, domin ya shekara 200 yana gwada wannan tsari, sa'an nan a kawo wasu misalai daga waje inda suka ƙara haske. Batun ya shafi ɗalibi da ma'aikacin gwamnati kai tsaye, gama duk wanda zai zauna a kwamitin makaranta, ko na asibiti, ko na ɗakin karatu, tambayoyin da zai fuskanta su ne waɗannan.

2.0 Ma'anar Amintacce

A dokar Ingila akwai wani tsohon tsari da ya raba mallakar dukiya gida biyu. Akwai wanda sunansa yake a kan takarda, akwai kuma wanda amfanin dukiyar yake komawa gare shi. Na farkon shi ne amintacce. Doka ta ba shi ikon riƙewa da sarrafawa, amma ta hana shi cin moriya, ta kuma wajabta masa ya bi sharuɗɗan da aka kafa amanar a kansu. Wanda ya san hukuncin waƙafi a fiƙihu ba zai ga baƙon abu a nan ba: mai kula da waƙafi yana gyara rijiya ko gidan da aka tsayar, yana raba amfaninsa ga waɗanda aka ambata, amma asalin dukiyar ba ta sayarwa ba ce, ba kuma ta gado ba.

A gidan zane-zane, waɗanda amfanin yake komawa gare su su ne jama'a baki ɗaya, na yau da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Wannan kashi na biyun shi ne ya sa aikin ya yi nauyi. Mai jefa ƙuri'a yana iya korar minista, mai ziyara yana iya rubuta koke a jarida, amma yaron da za a haifa nan da shekara hamsin ba shi da bakin magana. Amintattu su ne wakilansa.

Dokar da ke aiki a kan gidan na Landan ita ce Dokar Gidajen Tarihi da Zane-zane ta 1992. Ta mayar da kwamitin amintattu hukuma mai zaman kanta a idon shari'a. Firayim Minista ne yake naɗa 'yan kwamitin na wa'adin 'yan shekaru, ban da mutum ɗaya wanda amintattun gidan Tate suke turowa daga cikinsu. Kwamitin ne yake naɗa darakta da amincewar Firayim Minista. Gwamnati tana ba da kuɗi kowace shekara, tana kuma binciken yadda aka kashe su, amma ba ta da hurumin cewa a sayi wannan hoto ko a sauke wancan daga bango. Hikimar tsarin ke nan: a sa tazara tsakanin dukiyar da za ta daɗe ɗaruruwan shekaru da gwamnatin da wa'adinta bai wuce shekara biyar ba.

3.0 Yadda Tsarin Ya Samo Asali

A shekarar 1824 Majalisar Dokokin Birtaniya ta sayi zane-zane 38 na wani attajiri mai suna John Julius Angerstein, wanda ya rasu a shekarar da ta gabata, a kan fam 57,000. A gidansa da ke titin Pall Mall aka fara nuna su, sai a 1838 aka koma ginin da ke dandalin Trafalgar. Baitulmali ya naɗa wasu manyan mutane shida su riƙa sa ido, cikinsu har da Firayim Minista na lokacin, Lord Liverpool, da Sir George Beaumont wanda ya ba da nasa hotunan kyauta. Waɗannan su ne amintattun farko.

Matsalarsu ba ta daɗe ba ta bayyana. Mutane ne masu daraja da hidimomi da yawa, ba su cika zama ba, kuma ba a rubuta musu iyakar ikonsu ba. Abin da suke saye yana bin ɗanɗanon masu sarauta na zamaninsu, ba tare da wani shiri na cike giɓin tarihi ba. A 1845 aka sayi wani hoto da sunan aikin Holbein, ba a jima ba aka gane ba nasa ba ne. A 1846 kuma aka wanke wasu tsofaffin hotuna, sai gardama ta ɓarke a jaridar Times, masu suka suna cewa an kankare fentin asali tare da dattin. Da aka sake wanke wasu a 1852, hayaniyar ta kai ga Majalisa ta kafa kwamitin bincike a 1853. Babban abin da binciken ya tono shi ne, idan aka yi kuskure babu takamaiman wanda za a kama, domin ma'aikaci yana cewa umurnin amintattu ya bi, amintattu kuma suna cewa shawarar ma'aikaci suka ɗauka.

Saboda haka a 1855 Baitulmali ya yi wa gidan sabon tsari. Aka ƙirƙiro muƙamin darakta, aka ba Sir Charles Eastlake, aka ware fam 10,000 kowace shekara don saye, aka kuma ɗora alhakin zaɓen abin saye a kan darakta shi kaɗai. Eastlake ya shekara goma yana zagaya Italiya, yana shiga gidajen masu sarauta da na dillalai, ya tara wa gidan hotuna fiye da 150, ciki har da na gwanayen farko na Italiya waɗanda a lokacin ba a san darajarsu sosai ba a Ingila. A can Italiya, a garin Pisa, ya rasu a 1865. Masana tarihin gidan suna ɗaukar wannan zamani a matsayin lokacin da aka aza harsashinsa na gaskiya.

4.0 Amintattu da Darakta

Labarin bai ƙare a nan ba. A 1894 gwamnatin Lord Rosebery ta fitar da wata takarda da ta mayar wa amintattu da iko, ta yadda darakta ba zai sayi komai ba sai da yardarsu. Sakamakon shi ne jinkiri da ja-in-ja, a daidai lokacin da attajiran Amurka suka shigo kasuwa da kuɗi masu yawa suna kwashe hotuna daga gidajen sarautar Ingila. Dillali ba ya jiran kwamiti ya zauna. Har ta kai a 1903 wasu masu kishin al'amarin suka kafa wata ƙungiya ta tara gudummawa, National Art Collections Fund, wadda ita ce ta sayo wa gidan wani shahararren zane na Velázquez a 1906 a kan fam 45,000. Wani abin da ya ƙara ba jama'a haushi shi ne abin da ya faru a 1911, lokacin da Lord Lansdowne, wanda shi kansa amintaccen gidan ne, ya sayar da zanen Rembrandt na injin niƙa mai aiki da iska ga wani Ba'amurke mai suna Widener a kan fam 100,000. Hoton nasa ne na gado, bai karya doka ba, amma mutane suka ga mai gadin rumbu yana fitar da hatsi ƙetare. Hoton yana birnin Washington har yau.

Kada a ɗauka daga wannan cewa gwani kullum shi ke da gaskiya. A 1937 darakta Kenneth Clark ya shawo kan amintattu suka sayi wasu ƙananan alluna huɗu a kan fam 14,000, yana mai imanin cewa aikin Giorgione ne, duk da cewa ma'aikatansa ba su yarda ba. Daga baya aka tabbatar aikin Andrea Previtali ne, wanda bai kai Giorgione daraja ba ko kusa. A nan laifin amintattu shi ne rashin tambaya. Da sun nemi jin ta bakin sauran masanan gidan kafin su sa hannu, da sun san akwai saɓani.

Daga waɗannan misalai biyu ake iya fitar da ƙa'idar da ake bi a yau. Darakta da ma'aikatansa su ne suke gudanar da aikin yau da kullum: rataye hotuna, gyara, bincike, shirya nuni, da kawo shawarar abin da za a saya. Amintattu kuma su ne suke tsara manufa, su amince da kasafin kuɗi, su auna shawarar saye, su kuma riƙe darakta da alhakin abin da ya yi. Amintaccen da ya fara shiga ɗakin gyara yana nuna wa ma'aikaci yadda zai riƙe burushi ya wuce gona da iri. Wanda kuma yake zuwa taro ya sa hannu a kan duk takardar da aka miƙo masa ya bar gonar ba mai tsaro. Tsakanin waɗannan biyun aikin yake, kuma ba doka ce kaɗai take nuna wurin tsayawa ba, sai an haɗa da hankali da sanin ya kamata.

5.0 Tsare Abin da Aka Ba Su Ajiya

Wajibi na farko a kan amintattu shi ne su miƙa wa na baya abin da suka karɓa daga na gaba lafiya lau. Babbar jarrabawar wannan wajibi ta zo ne da Yaƙin Duniya na Biyu. A ƙarshen watan Agusta na 1939, kwanaki kaɗan kafin a shelanta yaƙi, aka kwashe hotunan daga Landan zuwa wurare daban-daban, galibi a yankin Wales. A 1940, da Faransa ta faɗi, aka kawo shawarar a tura su Kanada ta jirgin ruwa, amma Firayim Minista Winston Churchill ya ƙi, ya ce a ɓoye su a cikin ƙasa. Daga 1941 aka tara su a wani tsohon ramin haƙar dutse da ke Manod, aka gina musu ɗakuna a cikinsa, ana auna zafi da laima dare da rana. Bama-bamai sun faɗa wa ginin na Landan sau da dama, amma ba a rasa hoto ko ɗaya ba. Har ila yau an samu wani ilmi a ramin: an lura cewa allunan katako ba sa tsagewa, fenti ba ya ɓarewa, idan yanayin ɗaki bai riƙa canzawa ba. Wannan ne ya sa bayan yaƙin aka fara sa na'urorin daidaita iska a ɗakunan nuni.

Barazana ga ajiya ba daga maƙiyi kaɗai take zuwa ba, wani lokaci daga mai gida take fitowa. A 2013 birnin Detroit na Amurka ya tsiyace, bashi ya yi masa katutu, ga tsofaffin ma'aikata suna jiran fansho. Da yake birnin ne ya mallaki gidan zane-zanensa kai tsaye, masu bin bashi suka nemi a yi wa hotunan kuɗi a sayar. Abin da ya cece su shi ne wata yarjejeniya ta 2014, inda gidauniyoyi da gwamnatin jihar Michigan da masu goyon bayan gidan suka yi alkawarin tara kimanin dala miliyan 816 a cikin shekara 20 don tallafa wa fansho, bisa sharaɗin a cire hotunan daga mallakar birnin a mayar da su amana a hannun ƙungiya mai zaman kanta. A cikin shekarar 2014 ɗin kuma, majalisar garin Northampton ta Ingila ta sayar da wani tsohon mutum-mutumin Masar a kan fam miliyan 15 da ɗoriya, hukumar da ke tantance gidajen tarihi kuwa ta soke rajistar gidan. Misalan biyu suna nuna abu ɗaya: dukiyar da ke hannun hukumar da ke biyan albashi da gyaran hanya, duk ranar da aljihu ya bushe ita za a fara kallo.

Wannan ne ya sa dokar 1992 ta ɗaure hannun amintattun National Gallery ƙwarai. Ba su da ikon sayar da hoto ko kyautar da shi, illa su miƙa shi ga wani gidan ƙasa da doka ta ambata. Ɗaurin nan kariya ce gare su, domin ko minista ne ya matsa musu, amsarsu a shirye take: doka ta hana. Yana kuma kwantar da hankalin mai ba da kyauta, wanda ba zai so abin da ya bar wa ƙasa ya ɓulla a kasuwar gwanjo bayan ransa ba.

6.0 Inda Doka da Adalci Suka Yi Karo

Amma ɗaurin da ya hana ɓarna yana iya hana gyara. Sir Hugh Lane, wani dillalin zane-zane ɗan ƙasar Ireland, ya yi wasiyya a 1913 ya bar wa Landan hotuna 39, cikinsu har da na Renoir da Manet. A 1915 ya rubuta ƙarin wasiyya cewa a kai su Dublin, ya sa hannu, amma ba a samu shaidu sun sa nasu ba. A watan Mayu na shekarar ya nutse a jirgin ruwan Lusitania wanda Jamusawa suka harba. A shari'a ƙarin wasiyyar ba ta inganta ba, don haka hotunan suka zama na Landan, alhali kowa ya san abin da mamacin ya nufa. Amintattu suka riƙe abin da doka ta ba su, mutanen Ireland kuma suka shekara arba'in da wani abu suna kuka. Sai a 1959 aka cimma yarjejeniyar a riƙa karɓa-karɓa tsakanin biranen biyu, an kuma sabunta ta sau da dama, har da ta 2021. Mallaka ta zauna a Landan, amma yawancin hotunan suna rataye a Dublin. Amintattu sun sami hanyar cika burin mamaci ta hanyar aro, ba tare da sun taka doka ba, ko da yake sun ɗauki lokaci mai tsawo kafin su kai ga haka.

Irin wannan matsala ta taso a Gidan Tarihi na Birtaniya, wanda dokarsa ta 1963 ita ma ta hana fitar da kaya. A 2005 Babbar Kotu ta yanke hukunci cewa amintattunsa ba su da ikon mayar da wasu zane-zane huɗu da 'yan Nazi suka ƙwace daga wani Bayahude, ko da kuwa su da kansu sun ga dacewar mayarwa. Sai da Majalisa ta yi doka ta musamman a 2009 kafin irin wannan mayarwa ta halatta. Dokar ba ta shafi kayan da aka kwashe a zamanin mulkin mallaka ba, shi ya sa kayan Benin fiye da 900 da ke gidan, waɗanda yawancinsu sojojin Birtaniya suka kwaso a 1897, suna nan. Gidan tarihi na Horniman kuwa, wanda shi ma a Landan yake amma waccan doka ba ta hau kansa ba, amintattunsa sun yanke shawara a 2022 suka mayar da mallakar kaya 72 ga Nijeriya, bisa buƙatar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa. Gari ɗaya, kaya iri ɗaya, amma hukunci biyu, domin takardar da aka kafa kowace amana a kanta daban ce. Mai neman a dawo masa da kayan kakanninsa yana bukatar ya san wannan, don ya gane ko ƙofar amintattu zai ƙwanƙwasa ko ta Majalisa.

7.0 Kuɗi, Ƙofa da Son Rai

Kuɗin da gwamnati take bayarwa bai taɓa isa ba, musamman da farashin zane-zane ya yi tashin gwauron zabo. A 2009 sai da National Gallery ta haɗa kai da takwararta ta Scotland, aka yi yekuwar neman taimako, kafin a iya sayen zane ɗaya na Titian a kan fam miliyan 50. Saboda haka neman gudummawa ya zama babban ɓangare na aikin amintattu, kuma shi ya sa ake yawan naɗa attajirai da masu hulɗa da attajirai. Wani sashe na ginin da aka buɗe a 1991 'yan'uwa uku na iyalin Sainsbury ne suka biya kuɗinsa. To amma karɓar kyauta tana da nata haɗari, domin sunan mai bayarwa yana manne wa gidan. A 2019 gidan hotunan fitattun mutane na Landan, National Portrait Gallery, ya fasa karɓar fam miliyan ɗaya daga gidauniyar iyalin Sackler, saboda alaƙar dukiyarsu da wani maganin kashe zafi da ya jefa dubban Amurkawa cikin jaraba, a 2022 kuma National Gallery ta cire sunan iyalin daga ɗaya daga cikin ɗakunanta. Auna irin wannan al'amari aikin amintattu ne, ba na akawu ba.

Haka nan batun kuɗin shiga. A farkon 1974 gwamnatin Edward Heath ta sa aka fara karɓar kuɗi a ƙofar gidajen tarihi na ƙasa, amma ba a wuce wata uku ba gwamnati ta sauya aka soke. Daga baya, a shekarun 1980 da 1990, wasu gidajen sun koma karɓa don cike giɓin kasafinsu. Amintattun National Gallery suka tsaya a kan ƙofa a buɗe, bisa hujjar cewa ba a sayar wa mutum kallon abin da nasa ne. A watan Disamba na 2001 aka mayar da shiga kyauta a dukan gidajen ƙasa.

Haɗari mafi kusa da amintacce shi ne son rai. Doka ta tanadi cewa a cikin amintattun Tate a samu masu sana'ar zane, domin a riƙa jin muryar masu aikin. A 2005 gidan ya sayi wani aiki mai alluna 13 na Chris Ofili, haifaffen Manchester wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, a kan kuɗin da ya kai fam 600,000, alhali yana cikin kwamitin a lokacin. A 2006 Hukumar Kula da Ƙungiyoyin Agaji ta ce Tate ta wuce ikonta, domin amintacce ba ya cin ribar amanar da yake riƙe da ita sai da izini na musamman, ta kuma gano cewa an daɗe ana irin wannan saye ba tare da neman izinin ba. Ba a ce aikin ba shi da kyau ba, ba a kuma sa an mayar da shi ba. Abin da aka kama shi ne hanyar da aka bi. Tun daga nan aka tsaurara ƙa'idar bayyana alaƙa da ficewa daga taro idan za a tattauna abin da ya shafi mutum.

Sakaci ma cin amana ne, ko da ba a taɓa kwabo ba. A 2023 Gidan Tarihi na Birtaniya ya bayyana cewa kimanin kaya 2,000 sun ɓace ko sun lalace a rumbunansa, da yawansu ba a ma rubuta su a rajista yadda ya kamata ba, kuma an yi wa gidan kashedi tun 2021 bai ɗauka da muhimmanci ba. Darakta ya ajiye aiki. Tambayar da ta rage a kan amintattu ita ce, yaushe rabon da su nemi a nuna musu cikakken lissafin abin da ke ajiye? Wanda bai san yawan garkensa ba, ba zai san ranar da kura ta ɗauki ɗaya ba.

8.0 Kammalawa

Tarihin da aka bi a nan ya nuna cewa tsarin amintattu ba ya aiki da kansa. Yana bukatar doka da ta fayyace abin da ke hannun wa, kamar yadda binciken 1853 ya koyar. Yana bukatar gwani da za a ba dama ya yi aikinsa, da kwamitin da zai iya ce masa a'a idan hujjarsa ba ta cika ba. Yana bukatar rajista cikakkiya, da lissafin kuɗi da ake bugawa kowa ya gani, da wa'adin da zai sa kujera ba ta zama gado ba. Fiye da kome yana bukatar mutanen da suka ɗauki naɗin a matsayin kaya da aka ɗora musu, gama wanda ya ɗauke shi a matsayin lambar girma zai zo taro ne don a gan shi.

Nijeriya ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979, ta kuma kafa nata Gidan Zane-zane na Ƙasa a 1993, ga shi kuma kayan da aka kwashe a zamanin mulkin mallaka sun fara dawowa. Duk wanda ya karɓe su, tambayoyin da aka yi wa amintattun Landan shekara 200 su za a yi masa: wa ke riƙe da makulli, wa ke duba mai riƙe da makullin, ina rajista, kuma me zai hana a sayar ranar da aka shiga matsi? Ɗaliban yau su ne za a kira gobe su zauna a irin waɗannan kwamitoci, ma'aikatan gwamnati kuma su ne za su rubuta dokokin da za su ɗaure su. Hausawa sun ce kowa ya ci amana, amana za ta ci shi. A gidan zane-zane na jama'a kuwa, kafin ta ci shi, ta riga ta ci rabon waɗanda za su zo su tarar da bango babu kome.